Cire Tamostat da Buɗe Shaƙar Iska: Abin da Hunturu Ke Yi wa Motar da Aka Taɓa

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa a ƙarshen Nuwamba, koken masu mota a garejojin Kawaji da Dakata da na bakin titin Haɗeja a Kano yakan sauya salo. Wanda a watan Afrilu yake kukan lagireto na tafasa, yanzu kukansa mota ta fiye shan mai, tana kakkarwa da asuba, filogi yana yin baƙi, allurar zafi kuma ta kwanta ta ƙi tashi ko da an je Gezawa an dawo. Da yawa daga cikin motocin nan abu ɗaya ya haɗa su: an taɓa tsarin sanyaya injinsu ko hanyar da suke shaƙar iska. An cire tamostat, an haɗa fanka darek, ko an yar da akwatin iyakilina an ɗaura buɗaɗɗiyar filta.

Ruɗanin da ke tattare da batun iri biyu ne. Wasu sun ɗauka duk injin da allurarsa ke ƙasa lafiyayye ne. Wasu kuma suna kwaso shawarwarin ƙasashen ƙanƙara su ɗora wa Kano, alhali sanyin nan da na can ba su da haɗi. Gaskiyar magana ita ce dabarun da ake yi don tsira daga zafin bazara su ne ke cin injin a hankali a lokacin ɗari, kuma ƙura ta fi sanyin kansa ɓarna.

Ma'anar kalmomin

Lagireto shi ne tankin nan mai siraran bututu da ke gaban mota, inda ruwan da ya kwaso zafin inji yake hucewa. Famfon ruwa ne ke zagayawa da ruwan, fanka kuma tana jawo iska ta ratsa lagireton idan mota na tsaye ko tana tafiyar cunkoso.

Tamostat wata ƙaramar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. A cikinta akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Muddin inji bai ɗumama ba, ƙofar a rufe take, ruwa na zagaye cikin injin kaɗai. Idan zafi ya kai wani mataki, kakin ya tura ta ta buɗe. A yawancin motocin Toyota tana fara buɗewa a wajen digiri 82 na ma'aunin Salshiyas, a Golf da 'yan uwanta na Volkswagen kuma wajen digiri 87. An ƙera injinan fetur su yi aiki tsakanin digiri 85 da ɗan abin da ya haura 100.

Haɗa fanka darek na nufin tsallake makunnin da ke tayar da ita idan ruwa ya yi zafi, ta yadda za ta riƙa juyawa daga kunna mota har kashe ta. Kulan shi ne ruwan nan mai launi da ake zubawa a lagireto, haɗin ruwa da wani sinadari da ake kira gilaikol da magungunan hana tsatsa. Iyakilina kuwa akwati ne mai filtar takarda, wanda ke tace iska kafin ta shiga inji. Birenbos ita ce kwamfutar motar, sensa kuma su ne ƙananan na'urorin da ke kai mata rahoton zafin ruwa da yawan iska da yanayin hayaƙi, domin ta san adadin man da za ta fesa.

Inda al'adar ta samo asali

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma motoci irin 504 da suka fito daga can an shirya su ne don hanyoyi da zafin wannan yanki. Daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a. Kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Shekaru da dama ana shigo da su ta tashar ruwan Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su faɗo ta Maraɗi da Jibiya, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017.

Motocin sukan iso da shekaru a kansu. Lagireto ya fara toshewa, murfinsa ya saki, makunnin fanka ya gaji. Idan irin wannan mota ta gamu da zafin Afrilu mai kai digiri 40, ga cunkoson Yankaba ko na Bata, ga lodin da ya wuce ƙima, sai ta tafasa. Makanike ya cire tamostat, ya haɗa fanka darek, allura ta sauka, mai mota ya tafi yana godiya. Daga nan bayanin ya bazu cewa tamostat kayan ƙasar sanyi ne, Turawa suka saka don kansu. Har ta kai wasu ana cire musu tun ranar da suka sayi mota, kafin ta nuna wata matsala.

Sai dai sabbin motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi na Kano, duk da tamostat ɗinsu suke fitowa. Aikinsa riƙe zafin inji a mataki ɗaya ne, ko a ina motar take.

Hunturun Kano da sanyin ƙasashen ƙanƙara

A Kanada da Rasha da Finlan sanyi yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 20 ko 30. Ruwa idan ya daskare yana kumbura, yana iya tsaga inji. Shi ya sa a can ake dogara da kulan, wanda idan an haɗa shi rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Akan jona inji da lantarki ya kwana da ɗumi, direbobin manyan motoci kuma su rufe wani ɓangare na gaban lagireto.

A Kano ba a kaiwa nan. Sanyin asuba a Disamba da Janairu yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14, wani lokaci ya ɗan gangara ƙasa da haka, da rana kuma ya hau kusa da 30. Ruwa ba zai daskare ba. Saboda haka toshe gaban lagireto da kwali ba shi da wuri a nan: motar da aka yi wa haka da asuba za ta iya tafasa kafin azahar.

Abin da hunturu ke kawowa na musamman shi ne ƙura. Babban tushenta kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi gari mai laushi ta yo kudu maso yamma da shi. Masana na lissafa wurin cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya. Ita ce ke sa hukumar hasashen yanayi ta NiMet fitar da gargaɗin hazo, ita ce kuma ke hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a wasu ranaku. A unguwanni irin Kawaji, inda lunguna da dama ba su da kwalta, ƙurar ƙasa da tayoyi ke tayarwa tana ƙaruwa a kan ta sama.

Abin da ke faruwa a injin da bai ɗumama ba

Motar da ba ta da tamostat, ruwanta na ratsa lagireto tun daga juyin farko. Idan aka haɗa da fanka darek da iskar asuba mai digiri 13, injin yana iya shafe tafiyarsa duka bai kai zafin aikinsa ba, musamman a buɗaɗɗiyar hanya irin ta Ringim ko ta Zariya.

Illa ta farko a aljihu take. Fetur ba ya watsuwa sosai a injin da ke da sanyi, don haka birenbos takan ƙara mai har sai sensa ya shaida mata cewa ruwa ya yi zafi. Aiki ne irin na cok a tsofaffin motocin kafireto. Idan rahoton zafin bai zo ba, ƙarin man ba ya tsayawa gaba ɗaya. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ƙarin shan man ya daina zama abin rainawa.

Ta biyu a jikin injin take. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke shafe a bangon silinda, ya sulale ta gefen ringi ya gauraya da na ƙasa, ya tsinka shi. Ga kuma ruwa: ƙona lita ɗaya ta fetur na samar da kimanin lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa ta salansa yake fita, amma wani yana zurarewa cikin baƙin mai. Idan inji ya yi zafi sosai sai ya ƙafe. Idan bai yi ba, ya haɗu da toka ya zama dagwalon da ke toshe hanyoyin mai. Abin ya fi tsanani ga mai gajeriyar tafiya, kamar wanda iyakarsa daga Kawaji zuwa Bompai ko kai yara makaranta.

Kaurin baƙin mai ma yana da hannu. An saba zuba 20W-50 a kowace mota, alhali da yawa daga cikin injinan zamani 5W-30 ko mai kama da shi aka rubuta musu. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, kuma ƙaramar lamba ta fi saurin isa saman inji da asuba.

Ta uku ita ce na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Ba ta fara aiki sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300, ɗanyen mai kuma yana lalata ta. Idan ta toshe aka fasa ta, hayaƙin ya fito yadda yake, a daidai lokacin da masu asma da tari ke fama da hazo.

Akwai wani abin da ba a cika sani ba. A injina da yawa tamostat aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Idan babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kauce wa lagireto. Shi ya sa ake samun motar da ke ƙin ɗumama a Janairu, ta kuma tafasa a Afrilu.

Shaƙar iska: ribar sanyi da hasarar ƙura

Masu son gudu, musamman matasa, suna da hujja idan suka ce inji na son iska mai sanyi. Iskar da ke digiri 12 ta fi ta digiri 40 nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, wato iskar da wuta ke buƙata ta fi yawa a kowane shaƙa. Dalilin da ya sa mota ke jin ƙarfi da safiyar hunturu ke nan. Amma buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari da ake ɗaurawa a cikin bonet sau da yawa iskar jikin inji mai zafi take zuƙa, alhali akwatin asali daga gaba ko gefen mota yake jawo tasa. Abin da ke ƙaruwa a zahiri shi ne ƙara, ƙarfin kuwa kaɗan ne idan ma an samu.

Lissafin ƙura ya fi tayar da hankali. Injin fetur na buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Ma'ana, kowace lita ta fetur tana tafiya da iska lita 9,000 zuwa 10,000. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska, ko filta ta tare ta ko inji ya haɗiye ta. Ƙwayoyin yashin da ke cikinta sun fi ƙarfen silinda tauri, idan suka haɗu da baƙin mai sai su riƙa goge ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Ƙarshen abin shi ne shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi da sauke inji. A motoci masu tobo, fukafukan da ke matsa iska ma suna cinyewa.

Filtar yadi ko ta soso ta fi ta takarda barin iska ta wuce, kuma ta fi ta barin ƙura mai laushi. Man da ake shafa mata yakan kama ƙurar ta toshe da wuri, idan ya yi yawa kuma ya ɓata siririyar wayar sensan da ke auna iska. Hura filtar takarda da iska mai ƙarfi a wurin mai faci na iya huda ta ba tare da ido ya gani ba. Tsagaggen tiyo tsakanin akwati da inji, ko murfin da aka ɗaure da waya, daidai yake da babu filta.

Motocin da aka ƙera don hamada sun nuna inda mafita take. Land Cruiser da ke zirga-zirga a yankin Agadas sukan ɗauki iska ta dogon bututu a gefen gilashi, sama da ƙurar taya, wasu da kwanon da ke juya iskar ya zubar da yashi kafin ta kai filta. Can ƙara tacewa ake yi.

Motocin da aka mayar gas

Sabon sauyin da ya shigo shi ne mayar da mota ta yi aiki da iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ta kafa masa shiri na musamman a 2023, ake kuma sa ran zai ƙara yaɗuwa a Arewa da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Ana dura gas ɗin a tulu da matsin da ya kai bar 200, kusan ninki 90 na iskar tayar ƙaramar mota. Kafin ya shiga inji sai ya bi ta na'urar rage matsi, kuma gas idan ya saki yana yin sanyi ƙwarai. Don kada na'urar ta yi ƙanƙara, ruwan inji mai zafi ake ratsawa ta cikinta.

Yawancin irin waɗannan motoci da fetur suke tashi, sai ruwa ya kai wajen digiri 30 zuwa 40 su koma gas. Motar da aka cire wa tamostat za ta daɗe a kan fetur da safe, idan ta koma gas kuma ta riƙa shiƙewa. Mai ita ya kashe kuɗi don ya guje wa fetur, tsohon cire tamostat ɗin yana mayar da shi kan fetur.

Ra'ayoyi mabambanta

Makanikan da ke goyon bayan cire tamostat ba da ka suke magana ba. Tamostat idan ya maƙale a rufe, cikin mintuna kaɗan gasket zai ƙone, kan inji ya lanƙwashe. A kasuwar kayan gyara, har da Ƙofar Ruwa, ana samun nagari ana samun jabu, bambance su kuma sai wanda ya sani. Direban haya da ke lodi zuwa Gumel ko Haɗeja ya fi tsoron tsayawa a daji da ƙarin lita biyu. A wurinsu, ɓarnar da ke zuwa a hankali ta fi wadda ke zuwa farat ɗaya sauƙi.

Masu gyara da na'urar bincike da injiniyoyi suna ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tafasa alama ce, kuma sababinta yawanci toshewar lagireto ne, ko murfin da ba ya riƙe matsi, ko famfon da fukafukansa suka cinye, ko fankar da ta yi rauni. Murfi mai lafiya kaɗai yana ɗaga matakin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Cire tamostat na ɓoye alamar ne, cutar tana nan.

Akwai masu tsaka-tsaki: a saka tamostat mai buɗewa da wuri, kamar na digiri 71 da masu motocin tsere ke amfani da shi, ko a cire a bazara a mayar a hunturu. Na farkon yana rage matsalar amma bai kawar da ita ba, domin wasu birenbos za su ci gaba da ɗaukar injin a matsayin mai sanyi. Na biyun kuwa ya amince da cewa akwai illa, sai dai bai gyara abin da ke sa tafasar ba.

Kan batun kulan ma an rabu. Gaskiya ne ruwa zalla ya fi haɗin gilaikol kwasar zafi, kuma a Kano ba a tsoron daskarewa. Amfanin kulan a nan shi ne hana tsatsa da cin alminiyam da ƙara jinkirta tafasa. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan bar ɓawon gishiri a cikin siraran bututun lagireto, kuma wannan ɓawon na cikin abubuwan da ke haddasa tafasar da ake cire tamostat dominta.

Abin da ya dace a yi, da abin da zai biyo baya

Gwada tamostat ba shi da wuya. Akan saka shi a tukunyar ruwa a ɗora a wuta: nagari zai buɗe kafin ruwa ya tafasa, ya rufe idan ya huce, lambar digirinsa kuma tana rubuce a jikinsa. A cikin mota, allura ta kai wajen tsakiya bayan 'yan mintuna na tafiya ta tsaya a nan. Fanka ta koma kan makunninta, domin a babbar hanya iskar gudu ta wadatar, juyin banza kuma yana cinye fankar, yana wahalar da batir, yana cusa ƙura a fuskar lagireto. Wanke fuskar da ruwa marar ƙarfi idan inji ya huce yana taimakawa. Buɗe murfin lagireto da zafi kuwa yana jawo mummunar ƙuna.

Ɗumama mota na minti goma a tsaye ɓarnar mai ce ga injin injekta. Minti ɗaya ya isa, sannan a tafi a hankali, kuma kada a bar ta tana aiki a rufaffen gareji saboda gubar hayaƙi. Littafin yawancin motoci ya sanya hanya mai ƙura a sahun aiki mai tsanani, wanda ke buƙatar duba filta da sauya baƙin mai kafin lokacin da aka saba. Wanda ya ɗaura buɗaɗɗiyar filta, mayar da akwatin asali daga Nuwamba zuwa Maris shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi.

Alamu na nuna tsohuwar dabarar za ta ƙara tsada. Motocin da ke shigowa yanzu sun fi dogara da sensa, wasu ma birenbos ce ke sarrafa tamostat ɗinsu, kuma sukan kunna fitilar gargaɗi idan inji ya ƙi ɗumama. Faɗuwar naira ta sa injin Beljiyam da ake saya a maye gurbin wanda ya mutu ya yi tsada ƙwarai. Watannin sanyi su ne lokacin da za a iya mayar da tamostat, a wanke lagireto, a sauya murfi, a gwada fanka ba tare da fargabar tafasa ba, ta yadda duk raunin da ya rage zai bayyana a gyara shi kafin zafin Maris da Afrilu ya sauka.